Ganyen Karas Ya Ce "Ya Wadata", Gona Ta Ce A'a: Wace Hanyar Lissafi Za a Bi?

Tambayar ta zo daga wani malamin gona da ke aiki da masu noman rani a kewayen Jos. Ya ce: "Na tattara ganyen karas daga gonaki 54 a Lamingo da Kuru da Heipang, an gwada mini naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, magnisiyam, zink, boron, ƙarfe da manganis. Ina da nauyin abin da kowace gona ta bayar. Da na kwatanta da teburin da ke cikin littafi, kusan kowace gona ta faɗa cikin rukunin waɗanda suka wadata, alhali amfanin wasu ya ninka na wasu. Wace hanyar ƙididdiga ce za ta nuna mini ainihin abin da ya gaza?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Gonaki 54 da nauyin amfaninsu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma abin da ka gani ba baƙon abu ba ne. Teburin nan yana duba sinadari ɗaya ne shi kaɗai, kamar sauran ba sa nan. Shi kuwa karas ba haka yake cin abinci ba: fotashiyam in ya yi yawa yana danne magnisiyam da kalsiyam, naitirojin in ya yi yawa ganye ya bunƙasa sai kason sauran sinadarai ya ragu a cikinsa. Hanyoyin da za su yi maka amfani uku ne: iyakar Cate da Nelson, wato hanyar da wasu masana biyu suka tsara don gano iyakar da sinadari ke fara gazawa, sai DRIS mai kwatanta sinadarai bibbiyu, sai CND mai kwatanta kowane sinadari da dukkan sauran. Amma kafin ka buɗe kwamfuta, akwai tankaɗe da rairaya da za ka yi wa alƙaluman da kansu, domin a nan yawancin irin wannan aiki yake lalacewa.

Fara da ganyen. Teburin Jami'ar Fulorida ta Amurka, wanda ake yawan kwafa, ya ce ganyen karas ya wadata idan naitirojin yana tsakanin kashi 1.8 zuwa 2.5 cikin ɗari na busasshen ganye, fosfaras 0.2 zuwa 0.4, fotashiyam 2.0 zuwa 4.0, boron kuma 20 zuwa 40 cikin miliyan. Amma an gina shi ne a kan ganyen da ya gama buɗewa na baya-bayan nan, kwana 60 bayan shuka. Idan a gonar Lamingo an tsinki ganye a kwana 45, a ta Heipang kuma a kwana 80, to ba abu ɗaya kake kwatantawa ba. Naitirojin da fosfaras da fotashiyam suna raguwa a ganye yayin da shuka ke tsufa tana tura abinci zuwa saiwa, kalsiyam kuma yana ƙaruwa domin ba ya barin tsohon ganye. Saboda haka ka buɗe layi na musamman a takardarka na kwanakin shuka a ranar tsinka. Gonar da ta yi nisa da sauran da fiye da mako biyu, ka ware ta gefe.

Sai ƙura da magani. Karas na rani a Jos cikin hunturu yake girma, kuma ganyensa mai yatsu-yatsu ne, yana riƙe ƙura ƙwarai. Ganyen da ba a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta ba kafin a busar, adadin ƙarfen da za a ba ka na ƙurar ne, ba na shukar ba. Haka manganis da zink: maganin feshin nan mankozeb da ake yi wa ciwon ƙunar ganye yana ɗauke da su duka biyun. Idan ka ga gona ɗaya manganis da zink ɗinta sun yi tsalle tare sun bar na maƙwabta, kada ka yi murna, ka koma ka tambayi mai gonar ranar da ya yi feshi na ƙarshe. Busarwa kuma a tanda mai zafin digiri 65 zuwa 70 ake yi, na kimanin awa 48, a cikin ambulan takarda. Ganyen da ya kwana biyu cikin leda a bayan babur ya fara ruɓa, nauyinsa ya ragu, lissafin kaso ya karkace.

Nauyin amfani ma yana da tarko. Buhu ba ma'auni ba ne, domin cikar buhun wani ba ta wani ba ce. Abin da ake so shi ne a auna fili, misali mita 2 sau mita 2 a tsakiyar fangali, a tone, a yanke ganye, a wanke, a ɗora a sikeli. Kilo ɗaya a wannan fili daidai yake da tan 2.5 a hekta, wato kilo 8 ya zama tan 20. Kuma ka raba nauyin gida biyu: jimilla, da wanda zai shiga kasuwa. Wannan rabuwa tana da muhimmanci a karas fiye da yawancin amfanin gona. Gonar da aka cika wa yuriya ko ɗanyen kashin kaji tana iya ba da nauyi mai yawa, amma rabinsa mai rassa ne ko tsagagge, wanda dillalin kasuwar Farin Gada ta Jos zai ture gefe. Idan ka gina ma'auninka a kan jimillar nauyi, to lissafin zai koya maka ka yabi yawan naitirojin. Yi aiki da nauyin na kasuwa.

Abu na ƙarshe kafin lissafi: cire gonakin da matsalarsu ba ta abinci ba ce. Wadda tsutsar saiwa ta kama har karas ya yi ƙulli-ƙulli, wadda injin ban ruwa ya tsaya mata mako guda, wadda ba a yi mata tsinke ba shuka ta cushe. Ka rubuta dalilin cire kowace, kada ka cire gona don kawai ta ɓata maka zane.

To, Cate da Nelson. Sun fito da hanyarsu ta zane a 1965, sannan ta lissafi a 1971. Ka ɗauki sinadari ɗaya, a ce fosfaras. A layin kwance ka sa kasonsa a ganye, a layin tsaye ka sa amfanin gona a matsayin kaso na mafi girman amfanin da aka samu a yankin. Sai ka ja layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su raba ɗigogin gida huɗu, kana matsar da su har mafi yawan ɗigogi su taru a gidan hagu na ƙasa da gidan dama na sama. Inda layin tsaye ya sauka, nan ce iyaka. A Excel kuwa, ka jera gonakin daga mai ƙarancin fosfaras zuwa mai yawa, ka riƙa raba su kashi biyu a kowane mataki, kana lissafa yawan bambancin amfani da wannan rabon ya bayyana. Matakin da ya ba da mafi girma shi ne iyakarka.

Mutane da yawa suna ɗaukar iyakar su tafi, su bar abin da ya fi amfani, wato ƙidayar gidajen huɗu. A matsayin misali, a ce gonaki 20 sun faɗa sama ta dama, 17 ƙasa ta hagu, 12 ƙasa ta dama, 5 sama ta hagu. Iyakar ta yi daidai a gonaki 37 cikin 54, wato kusan kashi 69 cikin ɗari. Waɗannan 12 na ƙasa ta dama suna da isasshen fosfaras amma amfani ya gaza: wani abu dabam ne ya riƙe su, kuma su ne amsar tambayarka take ɓoye a cikinsu. Biyar ɗin sama ta hagu kuma sun yi kyau duk da ƙarancin fosfaras a ganye, wanda ke nuna ko dai an tsinki ganyensu a makare, ko girman shukar ne ya tsarma sinadarin. Akasin wannan ma yana faruwa, kuma yana ruɗa mutane: shukar da ta tsumbure saboda rashin wani abu, sauran sinadarai sukan taru a ɗan ganyenta har tebur ya ce ta ƙoshi. Ina kyautata zaton wannan na cikin dalilan da suka sa gonakinka marasa amfani suka fito a matsayin wadatattu.

DRIS ta zo ne don magance wannan makanta. Wani masani mai suna Beaufils ne ya tsara ta, ya wallafa a 1973 a Afirka ta Kudu, bayan ya fara aikin a kan itacen roba. Maimakon a tambayi nawa ne fosfaras, sai a tambayi nawa ne naitirojin idan an raba shi da fosfaras, nawa ne idan an raba shi da fotashiyam, haka har a gama bibbiyu. Amfanin wannan shi ne tsufan ganye ba ya girgiza rabon kamar yadda yake girgiza kaso ɗaya tilo, matuƙar sinadaran biyu tare suke sauka.

Matakan su ne: ka raba gonaki gida biyu, masu amfani mai yawa da masu kaɗan. Daga masu yawan ka fitar da matsakaicin kowane rabo da kuma CV ɗinsa, wato yawan warwatsuwarsa a matsayin kaso na matsakaicin. Waɗannan su ne ma'auninka. Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don koyarwa kawai, kada a ɗauke su a matsayin ma'aunin karas. N na nufin naitirojin, P fosfaras, K fotashiyam. A ce a gonaki masu kyau N/P ya zo 10 da CV 20, N/K ya zo 0.8 da CV 20, K/P ya zo 12.5 da CV 25. Ga gonar wani manomi: naitirojin 3.0, fosfaras 0.20, fotashiyam 3.0. Nasa N/P 15 ne. Ka raba 15 da 10 ka sami 1.5, ka cire 1 saura 0.5, ka ninka da 1000 ka raba da CV, wato 20, ka sami 25. N/K nasa 1.0 ne: raba da 0.8 ya ba da 1.25, cire 1, ninka da 1000, raba da 20, ya zama 12.5. K/P nasa 15 ne: raba da 12.5 ya ba da 1.2, ta wannan hanya ya zama 8. Da a ce rabon gonar ya gaza ma'auni, juya lissafin ake yi: a raba ma'aunin da na gonar, a cire sakamakon daga 1, sai amsa ta fito da alamar ragi.

Yanzu makin kowane sinadari. Inda yake a sama a cikin rabo ana tara masa, inda yake a ƙasa ana cire masa, sannan a raba da yawan rabon da ya shiga. Naitirojin: 25 da 12.5 a raba biyu, 18.75. Fosfaras: ragi 25 da ragi 8 a raba biyu, ragi 16.5. Fotashiyam: ragi 12.5 da 8 a raba biyu, ragi 2.25. Tara ukun, za ka sami sifiri. Dole ne su ba da sifiri. In ba su bayar ba, akwai kuskure a takardarka. Lura da abin da ya faru: tebur ya ce fosfaras 0.20 ya shiga sahun wadata, DRIS kuma ta ce shi ne ya fi kowa ja baya, naitirojin kuma ya wuce gona da iri. Idan ka tara makin ba tare da kula da alamar ragi ba ka sami 37.5, kuma gwargwadon girman wannan adadi gwargwadon rashin daidaiton abincin gonar.

Amma wannan sifirin da ya zama abin dubawa, shi ne kuma raunin DRIS. Tunda dole jimilla ta zama sifiri, ko gonar da ta fi kowace ƙoshi sai an sami sinadarin da ke da alamar ragi. Ragi ba ya nufin rashi, yana nufin wannan ne na baya a layi. Kuma sinadari ɗaya da ya yi tsalle, kamar ƙarfen ƙura, zai tura duk sauran zuwa ragi. Ga kuma yawan aiki: sinadarai tara suna ba da rabo 36, kowanne sai ka zaɓi ko A/B ko B/A, ana ɗaukar wanda warwatsuwarsa a gonaki marasa kyau ta fi ta masu kyau nisa.

Shi ya sa ni CND zan ba ka shawara ka jingina a kai. Parent da Dafir ne suka fito da ita a 1992 a Kanada, bisa aikin masanin ƙididdiga Aitchison kan alƙaluman da jimillarsu ke ƙulle a ɗari, kuma karas na cikin amfanin gona na farko da aka gwada ta a kai, a 1994. Tunaninta mai sauƙi ne: busasshen ganye kashi 100 ne, idan wani abu ya ƙaru dole wani ya ragu, don haka a kwatanta kowane sinadari da dukkan sauran a lokaci ɗaya.

Ga yadda ake yi. A ce ganye yana da naitirojin 3.0, fosfaras 0.20, fotashiyam 3.0, kalsiyam 2.0, magnisiyam 0.40. Jimilla 8.6. Abin da ya rage zuwa ɗari, 91.4, shi ma ana sa shi a matsayin kashi na shida, ana kiransa R. Ka ɗauki logaridim na kowanne da LN a Excel: 1.099, ragi 1.609, 1.099, 0.693, ragi 0.916, da 4.515. Matsakaicinsu 0.813. Ka cire wannan daga kowanne: naitirojin 0.285, fosfaras ragi 2.423, fotashiyam 0.285, kalsiyam ragi 0.120, magnisiyam ragi 1.730, R kuma 3.702. Su ma jimillarsu sifiri ce. Ka yi wa duk gonakin haka, ka fitar da matsakaici da SD, wato ma'aunin warwatsuwar alƙaluma daga matsakaici, na kowane sinadari daga gonaki masu kyau. Makin gona shi ne nata, a cire matsakaicin, a raba da SD. Idan a misali matsakaicin fosfaras na masu kyau ragi 2.20 ne, SD kuma 0.15, makin wannan gona ragi 1.49 ne. Wannan adadi yana da ma'anar da kowane mai ƙididdiga ya sani: gonar ta yi ƙasa da masu kyau da SD ɗaya da rabi. Makin DRIS ba shi da irin wannan fassara. Idan ka ninka kowane maki da kansa ka tara, ka sami adadi ɗaya na rashin daidaito, wanda ake kwatantawa da teburin ƙididdigar da ake kira kai-sukwaya don a ga ko ya yi yawa. Masani Khiari da abokan aikinsa sun nuna yadda ake yin haka a 2001, tare da hanyar lissafa inda za a yanka tsakanin masu kyau da marasa kyau maimakon a yanka da ka.

Kurakurai biyu ne suke kashe CND a takardar Excel. Na farko haɗa ma'auni: boron 30 cikin miliyan kashi 0.003 ne cikin ɗari, sai an raba da 10,000 kafin a tara shi da naitirojin. Wanda ya manta, R ɗinsa zai fito da ragi, LN ta ƙi aiki. Na biyu sifiri: idan ɗakin gwaji ya rubuta cewa bai ga sinadarin ba, kada ka sa 0, domin sifiri ba shi da logaridim. Ka tambayi mafi ƙarancin abin da na'urarsu ke iya gani, ka sa kimanin kashi biyu cikin uku nasa. 

Yanzu maganar da ba za ta yi daɗi ba: 54 sun yi kaɗan don kafa ma'auni na dindindin. Bayan ka cire masu ciwo da masu kwanakin da suka kauce, wataƙila saura 45. Kashi ɗaya cikin huɗu na sama gonaki 11 ne kacal, kuma SD da aka fitar daga gonaki 11 gona ɗaya tana iya karkatar da shi. Ka ɗauki na bana a matsayin ma'aunin wucin gadi, ka ƙara na rani biyu masu zuwa har masu kyau su kai 30 ko fiye. Idan kana son sanin samfur nawa ake bukata don matsakaici ya tsaya, ninka CV da 2, raba da kuskuren da za ka iya jurewa, ka ninka amsar da kanta: CV 25 da kuskuren kashi 10 suna bukatar 25. Kuma samfur uku daga gona ɗaya ba gonaki uku ba ne.

Sannan kada ka zuba yankunan uku a tukunya ɗaya ba ka duba ba. Ƙasar tudun Jos ba iri ɗaya ba ce: akwai jar ƙasa mai nauyi da ta samo asali daga dutsen aman wuta, akwai mai yashi ta dutsen giranit, akwai kuma wadda haƙar kuza ta birkita, wadda ake nomawa a bakin kududdufai. Yawancinta tana da tsami, ƙasa mai tsami kuma tana ƙulle fosfaras tana sakin manganis, alhali karas ya fi son pH tsakanin 6.0 da 6.8. Manoman da ke zuba tokar bola suna rage tsamin suna ƙara fotashiyam, amma in ta yi yawa zink da boron sukan yi wuyar samu. Idan duk gonakinka masu kyau daga yanki ɗaya suka fito, ma'aunin da ka gina hoton ƙasar wannan yanki ne, ba na ƙoshin karas ba. Ka ba ɗigogin kowane yanki launi dabam a zane, ka ga ko dangantakar tana nan a cikin kowanne. Ka haɗa da gwajin ƙasa: tona wurare 15 zuwa 20 a gona zuwa zurfin santimita 20, a cakuɗa, a auna pH, fosfaras ta hanyar Bray 1 da ta dace da ƙasa mai tsami, da fotashiyam da kalsiyam da magnisiyam. Ganye yana faɗin abin da ya shiga shuka, ƙasa ce ke faɗin dalilin da ya hana shi shiga.

Duk abin da lissafin ya nuna, zargi ne, sai gona ta tabbatar. Manomin da ke zuba taki da yawa sau da yawa shi ne mai injin ruwa mai kyau da iri mai tsada, kuma alƙaluman bincike ba sa iya raba waɗannan. A rani mai zuwa ka zaɓi gonaki biyu ko uku da CND ta ce fosfaras ne matsalarsu, ka yi gwajin cire ɗaya: fangali mai cikakken taki, wanda ba naitirojin, wanda ba fosfaras, wanda ba fotashiyam, wanda ba boron, da wanda ba a sa komai ba. Kowanne mita 2 sau mita 3, a maimaita sau huɗu, a jefa ƙuri'a wajen jera su a kowane rukuni, a tone tsakiya kawai a bar gefuna. Kamfa 15-15-15 ba zai yi wannan aiki ba tunda a haɗe yake. Sai yuriya mai kashi 46 na naitirojin, da sufa, da fotash mai kashi 60, kowanne dabam. Ka tuna adadin da ke jikin buhu na P2O5 da K2O ne: a ninka na farko da 0.436, na biyu da 0.83, kafin a sami ainihin fosfaras da fotashiyam. Boron kuwa a yi hattara, tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙanƙanuwa ce. Kilo ɗaya na boron a hekta kimanin kilo 9 ne na boraks, wato giram 5 da ɗan wani abu a fangali mai murabba'in mita 6, don haka a narkar da shi a ruwa a yayyafa, kada a watsa da hannu. Ruwan ban kowane fangali ya shiga ta bakinsa, kada ya ratsa wani ya kwaso takinsa. Ka tsinki ganyen duka shidan a kwana 60, idan kuma a girbi fangalin da ba fosfaras ya faɗi ƙasa da mai cikakken taki, ka ƙara su cikin alƙalumanka, domin su ne za su cika gidan hagu na ƙasa a zanen Cate da Nelson da ɗigogin da ka san dalilinsu.